Allon Ƙasa Ba Makarantar Kisa Ba Ne: Martani ga Mai Sukar Matasan Ɗan Iya

Wani marubuci ɗan garin nan na Bauchi, wanda nake ganin girmansa kuma na daɗe ina karanta shi, ya fitar da maƙala kwanan baya a kan wasu matasa na unguwar Ɗan Iya da ke ƙera ƙasa a kan katako. Abin da suke yi shi ne su yanka filawud falle-falle, su gina tudu da kwari da rafi da ganuwa a kai, su yi masa fenti, sannan su jera fallayen a kan tabarma su zama fili guda. Daga nan sai su kasu gida biyu su buga wasan dabarun yaƙi a kai, da 'yan guntayen katako a madadin runduna. Malam ya gani, abin bai kwanta masa ba, ya ɗauki alƙalami.

Hujjojinsa ba na raini ba ne, don haka zan kawo su yadda ya kawo su. Ya ce garin da ya ga tashin hankalin da ya faru a Dutsen Tanshi a watan Yulin 2009, ya ga an fasa gidan yari a Satumban 2010 fursunoni sama da 700 suka tsere, kuma har yau iyaye ba su gama kuka da sara-suka ba, ba shi ne garin da za a zaunar da yara ana koya musu kwanton ɓauna da yi wa gari ƙawanya ba. Ya ce wasan yara ne da masu gemu suka shiga, ɓarnar lokaci da kuɗi a zamanin da cefane ke gagarar magidanci. Ya ce baƙon abu ne da aka kwaso daga Turai ba a tsaya an duba ko ya dace da mu ba. A ƙarshe ya taɓo addini, ya ce a can inda wasan ya fito da ƙwayar ludo ake yinsa, da 'yan mutum-mutumi masu fuska da ido, kuma kowa ya san matsayin waɗannan biyun. Shawararsa ita ce iyaye su hana, masu unguwa su sa ido.

Ni malamin makaranta ne, a unguwar nake, kuma nakan zauna da yaran nan idan suna aikin. Ban yarda da shawarar Malam ba. Idan aka bi ta, za a kashe abu mai amfani saboda tsoron abin da ba ya cikinsa.

Bari in fara da wadda ta fi nauyi, maganar yaƙi. Tsoron Malam tsoro ne irin na uba, kuma duk wanda ya kwana a Bauchi a waɗancan shekarun yana da irinsa. Amma a cikin samarin da suka addabi unguwanninmu da adda da wuƙa, wa aka taɓa ji daga auna tudu da rula ya fara? Abin da muka sani yana haifar da sara-suka shi ne zaman kashe wando, da ƙwaya, da 'yan siyasar da ke ba da na goro lokacin zaɓe, da zuciyar da ba a koya wa haƙuri ba. Yaron da zai shafa gam ya barbaɗa yashi, ya haƙura har gobe ya bushe kafin ya taɓa fenti, kishiyar wannan ake koya masa. A cikin wasan ma, mai zafin kai shi ne yake fara faɗuwa. Ya tura dawakinsa cikin fadama da damina, alƙalin wasa ya ce masa sun maƙale. Ya bar rijiya ba mai tsaro, a ce masa dakarunsa sun kwana da ƙishirwa, wasu sun gudu. Abin da yake tashi da shi shi ne ƙasa da ruwa da guzuri sun fi ƙarfin jarumta, kuma ko wanda ya ci yaƙi idan ya ƙirga guntayen da aka kwashe masa, ba ya yin dariya sosai.

Sannan idan sanin yadda aka yi yaƙi laifi ne, me za mu ce da abin da muke karantar da 'ya'yanmu a Islamiyya? Duk ɗalibin Sira ya san a Badar Hubabu ɗan Munzir ne ya ba da shawarar a matsa a riƙe rijiyoyi. Ya san a Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ajiye maharba 50 a kan wani ɗan tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubair, da mafi yawansu suka sauko sai Halidu ɗan Walid ya zagayo da dawaki ta baya. Ya san a shekara ta 5 an haƙa gwalalo bisa shawarar Salmanul Farisi. To, tambayi ɗalibin nan me ya sa ta arewacin Madina aka haƙa gwalalon, ba a kewaye garin duka ba. Da yawa za su yi shiru, domin labarin suka haddace, ba su ga ƙasar ba. Ranar da aka jera masa fallayen da ke nuna baƙaƙen duwatsun da suka tsare gabas da yamma, da gonakin dabino da gidajen da suka toshe kudu, ba sai an ba shi amsa ba, idonsa zai ba shi. Shin wannan yaro an koya masa kisa ne, ko an buɗe masa darasin da ya daɗe yana rerawa bai fahimta ba?

Ko a can Turai, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara rubuta wa farar hula dokokin wannan wasa shi ne marubucin Ingila H. G. Wells, a littafinsa Little Wars na 1913. Mutum ne mai ƙyamar yaƙi, kuma fatansa shi ne wasan ya nuna wa mutane wautar yaƙi na gaske. Shekara ɗaya bayan haka Turai ta faɗa Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ba masu wasa a tsakar ɗaki ne suka jefa ta ba. Kusa da mu kuma, a 2012, a yankin Baibokum na kudancin Chadi, Hindou Oumarou Ibrahim, 'yar Fulanin Mbororo, ta tara jama'arta suka gina taswirar yankinsu mai tudu da kwari, suka sa mata alamun hanyoyin shanu da mashaya da wuraren kiwo, domin makiyaya da manoma da hukuma su samu abu guda da za su duba tare idan ana maganar ƙasa. Hannun da ya iya gina filin Uhudu shi ne zai iya gina wannan. A jihar da ake yawan rigima a kan burtali, ina ganin muna bukatar irin waɗannan hannaye da yawa.

Akwai hatsari na gaske a cikin abin, kuma ba shi ne Malam ya ambata ba. Yaƙe-yaƙen ƙasar Bauchi na ƙarni na 19 an yi su ne tsakanin mutanen da jikokinsu ke zaune a benci ɗaya a aji yau. Idan babu babba mai hankali a wurin, wasa na iya komawa gori. Maganinsa shi ne dokar da yaran nan ke bi: duk wanda ya riƙe wannan ɓangare yau, gobe shi zai riƙe wancan, kuma ba a kiran sunan wata ƙabila a matsayin abokiyar gaba. Yaron da ya tsare tudu jiya ya kai masa hari yau ya san kowane ɓangare yana da dalilinsa da tsoronsa. Wannan sa ido ne ake bukata, ba hani ba.

Yanzu ga maganar cewa wasan yara ne. A nan na fi jin ciwo, domin na tabbata da Malam ya zauna ya ga yadda ake yin falle ɗaya daga farko har ƙarshe, da bai rubuta haka ba.

Aikin daga lissafi yake farawa, tun ba a taɓa zarto ba. Filawud ɗin da ake sayarwa wajen 'yan katako ƙafa 8 ne a tsawo, 4 a faɗi. Idan aka yanka shi ƙafa 2 ta kowane gefe, wato kusan santimita 60, fallaye 8 ake samu ba tare da an zubar da komai ba. Sai a tsayar da ma'auni. Ganuwar da Malam Yakubu, wanda ya kafa garin, ya kewaye Bauchi da ita ta kai kimanin kilomita 10 da rabi a zagaye, wato a ƙiyasce tsohon garin kilomita 3 ne da 'yan kai daga wannan gefe zuwa wancan. Idan aka ce santimita 1 a kan katako mita 20 ce a ƙasa, falle ɗaya zai ɗauki mita 1,200, fallaye 9 kuma, uku-uku a jere, su ɗauke garin. Yaron da ke hamma a aji idan an zo darasin ma'aunin taswira, a nan shi ne mai gardama a kan rabin santimita, don ya san idan ya kuskure, ƙofar da aka ba shi za ta faɗa cikin fallen maƙwabcinsa. A nan ne kuma zai ci karo da matsalar da duk mai wannan aiki ya sani. A wannan ma'auni, bango mai tsayin mita 6 milimita 3 ne kacal, da ƙyar ido zai gan shi. Dole a ninka tsayi sau biyu ko uku a bar faɗi yadda yake, kuma dole kowa ya yarda da ninki ɗaya, in ba haka ba dutse guda zai tashi rabi dogo rabi gajere a inda fallaye biyu suka haɗu.

Me ya sa ba a yin allo guda babba a huta? Duk wanda ya san gidajen cikin gari ya san amsar. Ba mu da ɗakin da za a bar wa allo mai ƙafa 6 shi kaɗai. Fallaye kuwa ana ɗora su a kan juna a lungun zaure, da 'yan sanduna a tsakani don kada na sama ya danne tudun na ƙasa, kuma yaro ɗaya yana ɗaukar falle a kansa ya kai makaranta. Babbar fa'idar ma ba wannan ba ce. Ban da fallayen gari, waɗanda kowanne yake da mazauninsa, akwai na daji da gona da rafi da fadama, da ake yi da ma'auni mafi girma don itatuwa da gidaje su fito. Waɗannan ana juya su. Wanda yau yake gabas gobe ya koma kudu, rafin da ya bi ta nan ya bi ta can, fallaye shida su ba da filaye masu yawa. Amma juyawar tana da sharaɗi mai tsanani. Duk hanya ko rafin da zai fita daga falle, ta tsakiyar gefe zai fita, da faɗi ɗaya da zurfi ɗaya, kuma tsayin ƙasa a bakin kowane falle dole ya zama ɗaya. Don haka ake yanka ma'auni na kwali guda ɗaya, kowa ya gwada bakin fallensa da shi kafin ya shafa gam. A tsakiyar falle yaro yana da ikon yin abin da ya ga dama, a bakinsa kuwa dokar jama'a ce. Na ga yaro ya kankare aikin da ya sha wahalarsa da hannunsa, ba wanda ya sa shi, don rafinsa ya ƙi haɗuwa da na abokinsa. Wace makaranta ce take koyar da wannan da alli?

Tudun da farin soson nan ake yinsa, wanda ke zuwa a cikin kwalin firji da talabijin, wanda in ba don su ba a kwata zai ƙare ya toshe mana ruwa. Ana yanka shi da wuƙa mai kaifi hawa-hawa, kowane hawa ya fi na ƙasansa ƙanƙanta, yadda layukan tsayi suke a taswira, sannan a goge kusurwoyin da samfefa. Shi ma yana da halinsa. Fentin feshi da gam mai warin fetur suna narkar da shi nan take, farin gam na kafintoci kaɗai yake jurewa. Sai a lulluɓe shi da tsohuwar jarida da aka jiƙa aka kirɓa aka cuɗa da gam. Wasu kan gwada yumɓu zalla, amma yana da nauyi, kuma da hunturu ya busa sai ya tsattsage. Maganin da suka samu shi ne cuɗa shi da dusar katako, dabarar da maginanmu suka daɗe da sani sa'ad da suke cuɗa ƙasa da ramno kafin su yi tubali. Filawud kuma idan ya sha laima ta fuska ɗaya sai ya lanƙwashe, bakinsa ya ɗaga, ya ƙi zama da ɗan'uwansa. Don haka ake yi masa fenti ciki da baya tun farko, a buga masa 'yan sanduna a ƙarƙashi. Ba a shanya shi a rana, a inuwa yake bushewa. Da damina sai an yi haƙuri, ga fumfuna, ga gara idan an ajiye shi a ƙasa.

Ƙarasawar ita ce inda ake gane gwani. Ana tankaɗe yashi da rariya a ware shi gida uku: mai laushi na hanya, matsakaici na fili, tsakuwa na gindin dutse. A barbaɗa a kan gam, idan ya bushe a sake bi da gam da aka tsinka da ruwa don kada ya riƙa zuba. Fenti kuma daga mai duhu ake farawa, ya shiga kowane lungu. Sannan a tsoma buroshi a mai haske, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, a bi sama-sama, sai hasken ya kama kan tsakuwa kawai, kwarin ya zauna da duhunsa. A nan ne falle yake tashi daga katako ya zama ƙasa. Kafin yaro ya yi fentin dutse sai an tura shi ya je ya kalli dutse, ko na Warinje ko na Gudum, ya ga cewa ba baƙi ba ne ba kuma fari ba, toka-toka ne mai baƙaƙen zane inda ruwan sama ke gangarowa, da ciyawa a cikin tsaga. Kuka da totuwa ake yi mata gindi, giginya da tsinke, ɗorawa da murɗaɗɗiyar waya da soson wanka da aka rina, ciyawa da dusar katako.

Wanne ne wasan yara a cikin wannan? Aikin kafinta ne, gini ne, fenti ne, lissafi ne, labarin ƙasa ne, duk a kan katako mai ƙafa biyu. Ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da irin wannan ƙaramin gini na kwali suke nuna aikinsu ga malamansu. Sojoji, har da na makarantar tankokin yaƙi da ke garin nan, da taswirar yashi ake koya musu karanta fili. Idan babba ya yi a jami'a sunansa karatu, me ya sa zai zama shirme idan ɗan talaka ya yi a zaure?

Maganar kuɗi ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Filawud ɗaya ya ishi yara takwas, gam da fenti karo-karo ake yi, sauran kayan daga bola da bakin rafi suke. A kwatanta da abin da saurayi ke zubarwa a shagon cacar ƙwallo a mako guda. Ba na yi wa kowa alkawarin zai ci abinci da wannan. Gaskiya ne kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975 yake sayar da kayan irin wannan wasa, ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan a ƙarshen 2024, amma kasuwarsu daban tamu daban. Abin da na sani shi ne yaron da ya iya awo, ya iya yanka daidai, ya iya gama abin da ya fara, duk shagon da ya shiga koyon sana'a ba za a kore shi ba.

Cewa baƙon abu ne kuwa, ban musa asalinsa ba. A 1812 wani Bajamushe mai suna Reisswitz ya miƙa wa sarkin Furushiya wani tebur mai fallayen ƙasa da ake jerawa a sake jerawa. A 1824 ɗansa, hafsan soja, ya gyara dokokin wasan har rundunar ƙasar ta karɓe shi don horar da hafsoshi, kuma bayan Furushiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871 sauran ƙasashe suka kwaikwaya. Wannan tarihi ne. Amma ƙwallon da muke cika filin wasa don kallon Wikki Tourists daga Ingila ta zo, kuma ban ji an ce a hana ta don haka ba. Sannan wane Bahaushe ne bai san dara ba, gurabe 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, dattawa suna tarko suna toshe hanya? Wane ne a cikinmu bai yi motar kara ba, ko bai gina gidan ƙasa da rumbu da garka bayan an ɗauke ruwa ba? Hannu da dabarar duk namu ne tun asali. Abin da aka aro shi ne a yi su da awo, a kan abin da zai daɗe.

Abin dubawa shi ne me aka ɗora a kan katakon. Littattafan Turawa na wannan aiki kore shar suke nuna ƙasa, rafi shuɗi, gidaje masu jan rufi. Fallayen Ɗan Iya jar ƙasa ce, da rafin da yashi ne zalla a cikinsa, domin yaran sun gano cewa galibin yaƙin da can da rani ake fita, bayan an kawar da amfanin gona kuma rafuka sun janye. Daga nan suka ga sai sun yi wa wasu fallayen tagwaye, ɗaya na rani ɗaya na damina. Wannan ba a kwafo shi daga ko'ina ba.

Kuma a nan ne nake ganin Malam ya bar babbar magana ta wuce shi. An cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare a ƙasar nan fiye da shekara goma kafin a dawo da shi. Akwai samari a garin nan da ke wucewa ta Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran kullum, a wurinsu sunan kasuwa ne da shataletale. Ba su san cewa Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu, daga Inkil ya taso a 1809 ya kafa garin a inda yake ba. Ba su lura cewa Ƙofar Inkil da Ƙofar Tirwun da Ƙofar Wase sunayen wuraren da hanyoyinsu ke nufa suke ɗauke da su ba. Ganuwar kanta gidaje da tituna sun cinye mafi yawanta. Yaron da aka ba fallen Ƙofar Dumi ko ta Jahun ko ta Nassarawo ko ta Wambai, dole ya taka da ƙafa ya je ya duba, ya tambayi tsofaffin wurin ta ina bangon ya bi. Idan ya gina duwatsun Ningi, zai gane da kansa yadda malaman da suka baro ƙasar Kano ƙarƙashin Malam Hamza a shekarun 1840 suka samu mafaka, da dalilin da ya sa dawakin Kano da Bauchi da Zazzau suka kasa gamawa da su shekaru da dama. Idan ya gina Burmi, inda harin Turawa na watan Mayun 1903 bai yi nasara ba, sai a na 27 ga Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, zai ga abin da ganuwar ƙasa take iyawa da abin da ba ta iyawa a gaban igwa. A Jos an kashe kuɗi an gina kwafin ganuwar Kano da masallacin Zariya a gidan tarihin gine-ginen gargajiya don kada a manta da su. Gidan Madaki na Kafin Madaki, aikin magini Babban Gwani, tun 1956 hukuma ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Yaran da suke yi wa ganuwar Bauchi irin wannan hidima da kuɗin aljihunsu, su ne za a ce sun bar gida sun bi baƙo?

Saura addini. A nan Malam yana da gaskiya a kan hukunci, kuskurensa a kan abin da ke faruwa ne. Hani ga wasan nardi, wanda da ƙwaya ake yinsa, ya zo a Sahihu Muslim da Muwaɗɗa ta Imamu Malik, kuma ba ni ne zan yi jayayya da shi ba. Amma wasan nan ba ya rataye a kan ƙwaya. Tun 1876 wani hafsan Jamus, Verdy du Vernois, ya nuna yadda za a buga shi ba ita, alƙali masani ya riƙa yanke hukunci. Haka ake yi a Ɗan Iya. Kowane ɓangare ya rubuta umarninsa a takarda ya miƙa, alƙali ya auna da zare iya tafiyar barade da ta 'yan lifidi da ta dakaru, ya dubi tudu da ruwa da yawan mutane, ya faɗi abin da ya faru da dalilinsa. Ba sa'a a ciki, ba kuma a sa ko kwabo. Mutum-mutumi ma babu. Guntayen katako ne ja da shuɗi, irin waɗanda aka fara wasan da su tun asali, da alama a kai mai nuna maharba ne ko dawaki. Dutse da itace da rafi kuwa, Abdullahi ɗan Abbas ya ba mai sana'ar zane izinin yin itatuwa da duk abin da ba shi da rai, kuma wannan yana cikin Buhari da Muslim. Abin da ya wuce nan na malamai ne, kuma ƙofar zauren a buɗe take ga duk malamin da zai duba ya yi gyara.

Matsayina shi ne kada a hana, a tsara. Uban da ke shakka ya je ya duba da kansa: akwai babba a wurin, ana tashi idan an kira salla, ba ƙwaya ba kuɗi, ana musayar ɓangare, kuma aikin makaranta bai kwanta ba. Idan ɗaya ya ɓace ya yi magana, yana da iko. Shugabannin makarantun unguwa, na boko da na Islamiyya, su ba yaran lungu ɗaya mai rufi da benci don ajiye fallaye nesa da gara, su kuma ari fallayen idan an zo darasin Sira ko na tarihi ko na taswira. Masu unguwa kuma, maimakon sa idon da Malam ya nema, su haɗa yaran da dattawan da suka ga ganuwa a tsaye a wuraren da yanzu gidaje suka hau kanta, a bi layin da su a rubuta, domin fallayen gari da dama suna nan an yanka an yi musu fenti, an bar wurin bango fili ana jiran wanda zai nuna ta inda ya bi.